"Google Ya Ce": Me Ya Sa Wayata da Taka Ba Sa Ba da Amsa Ɗaya?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Gaisuwa ga mutanen cikin birni, na Kwarbai da Kaura da Limancin Kona da Unguwar Juma da Babban Dodo, da 'yan uwanmu na bayan ganuwa, Tudun Wada, Sabon Gari har Samaru. Iyayenmu mata da ke sa yara su kunna musu shirin, muna gaishe ku da kyau.

Yau a kan wasu kalmomi uku za mu yi magana, waɗanda suka zama alƙali a majalisunmu: "Google ya ce." Ana cikin gardama a kan siyasa ko tarihi ko farashin buhun masara, sai wani ya zaro waya ya danna, ya ce to ga shi, magana ta ƙare. Gidajen rediyo ma shafin matambayi-ba-ya-ɓata suke kiran sa. Tambayata ita ce: wa Google ɗin ya faɗa wa? Domin abin da ya faɗa maka a Kofar Doka ba lallai ne shi ya faɗa wa yayanka da ke Legas ba, ko ƙanwarka da ke aure a Maraɗi, ko da harafi ɗaya bai bambanta ba a abin da kuka rubuta.

Mu Zage-zagi mutanen ɗinki ne, don haka misalin ba zai yi mana wuya ba. Mutum biyu su kai wa tela shadda iri ɗaya, kowa ya ce babbar riga yake so. Sai tela ya auna kowa, ya yanka daidai jikinsa. Injin bincike ma haka yake yi. Bambancin kawai, shi ba ya cewa ka miƙe tsaye in auna ka. Ya riga ya auna tun kafin ka gama rubuta tambayar.

To da me yake awon? Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, inda kake. Wannan shi ne babba. Rubuta ABU a nan Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello za ta fito maka a sama. Wanda ke zaune a Dubai ya rubuta haruffan nan uku, ya fi kusa da ganin Abu Dhabi. Rubuta Kano a nan, birnin Dabo za ka gani. A Landan akwai wani mawaƙi kuma ɗan fim da ake kira Kano, sannan wanda ya ƙirƙiro wasan judo a Japan sunansa Jigoro Kano. Tudun Wada fa? Akwai a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a Kano, akwai a Jos. Dole injin ya zaɓi ɗaya ya fara nuna maka, kuma da wurin da yake zaton kake zai yi zaɓin.

Ta ina ya san inda kake? Idan lokeshan ɗin wayarka a kunne yake, zai iya gane har unguwarku. Idan a kashe yake, akwai lambar da kamfanin layinka ke ba waya duk lokacin da ta hau intanet, wadda ake kira IP, da ita yake kintace. Shi ya sa wani lokaci kana zaune a Kofar Gayan amma ƙasan shafin ya nuna kana Legas ko Abuja, saboda ta can layin ya bi da kai. Kun ga ko awon ma yana iya zama na kuskure, a ɗinka maka rigar ɗan Ikeja. Kuma tun watan Oktoba na 2017 Google ya daina la'akari da adireshin ƙasar da ka rubuta. Ko ka shiga ta shafinsu na Ingila, muddin kana Najeriya sakamakon Najeriya zai ba ka, sai in ka shiga saiti ka canza ƙasa da hannunka.

Na biyu, harshe. Rubuta "gari" kawai. Kai gari kake nufi, wato birni ko ƙauye, ko garin tuwo. Mutumin kudu garin rogo yake nufi. Mutumin Nairobi kuwa, a Suwahili "gari" mota ce. Injin yana duba harshen da aka saita wayarka da shi da ƙasar da kake, sannan ya yi hasashe. Ga kuma matsalar haruffanmu masu lanƙwasa. Yawancinmu ba ma rubuta ƙ da ɗ da ɓ a waya, sai "ƙasa" da "kasa" su zama abu ɗaya, "ɗaura" ta koma Daura.

Na uku, lokaci. Ku tuna da watan Satumba na 2020. Ranar 20 ga wata Allah ya yi wa Mai Martaba Sarkin Zazzau Shehu Idris rasuwa, bayan shekara 45 a kan karaga, kuma sai ranar 7 ga Oktoba aka sanar da naɗin Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli. A tsakanin nan, duk wanda ya rubuta "Sarkin Zazzau" da safe, in ya sake rubutawa da yamma wani abu daban zai tarar, domin idan mutane suka yi ca a kan wani batu, injin yana ɗaga sabbin labarai sama da tsofaffin shafuka. Sabo kuwa ba shi ne ingantacce ba. Jita-jita ma sabuwa ce a ranar da aka ƙirƙire ta.

Na huɗu, sawunka. Nan ne maganar bibiya ta shigo. Duk mai wayar Android, ko Tecno ce ko Infinix ko itel, da wuya a ce ba shi da asusun Gmail a kanta, tunda sai da shi ake sauke manhaja daga Play Store. Idan ba ka taɓa shiga saitin asusun ba, akwai yiwuwar yana ajiye abin da ka bincika, da shafin da ka buɗe, da bidiyon da ka kalla a YouTube. Ko ba ka da asusu ma, akwai ɗan alamar da shafuka ke liƙa wa burauzarka, ana ce mata kukis, kamar dai lambar da mai gadin babura ke ba ka don ya gane ka idan ka dawo. Ranar 4 ga Disamba 2009 Google da kansa ya sanar cewa zai riƙa daidaita sakamako ga kowa, har da waɗanda ba su shiga asusu ba, ta hanyar duba binciken da aka yi a burauzar cikin kwana 180 da suka wuce. Ba sirri ba ne, a fili suka faɗa. Mu ne ba ma karantawa, "na yarda" kawai muke dannawa.

Na biyar, kuma shi ne uban tafiyar, kuɗi. Hausawa suka ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Ba mu taɓa biyan Google ko sisi don mun yi tambaya ba, amma kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin da kamfanin ke samu daga talla ne. Idan ka rubuta "bashi cikin gaggawa" ko "aikin gwamnati", kafin shafin ya gama buɗewa an yi gwanjo tsakanin masu talla a kan wa zai fito a gabanka. Mai talla yana iya zaɓar kalmomin da yake so, ya zaɓi ƙasa ko gari, ya zaɓi irin waya. Waɗanda suka ci gwanjon su ne ke zama a can sama, da ɗan rubutu ƙarami da ke nuna talla ce. Mutum nawa ne a cikinmu ke lura da rubutun nan?

Kuma kada ku ɗauka haka kawai Google ya zama shi ne ke buɗewa da zarar ka taɓa waya. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da kamfanin, an bayyana cewa a shekarar 2021 kaɗai ya biya fiye da dala biliyan 26 ga masu ƙera waya da masu burauza da kamfanonin layi, don ya zama shi ne injin da aka saita tun farko. A watan Agusta na 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci cewa kamfanin ya yi babakere a harkar bincike ba bisa doka ba. A Najeriya fiye da kashi 90 cikin ɗari na binciken intanet ta ƙofarsa yake bi. Ku duba, birninmu ma ƙofofi takwas gare shi.

Yanzu bari mu yi adalci, don kada wani ya tashi daga nan ya ce an ce komai na Google ƙarya ne. A 2011 wani ɗan gwagwarmaya a Amurka, Eli Pariser, ya rubuta littafi mai suna The Filter Bubble. A ciki ya ba da labarin ƙawayensa biyu da suka bincika sunan kamfanin mai na BP a lokacin da mai ya malala a tekun Meziko a 2010: ɗaya ta ga labarin malalar, ɗaya ta ga bayanin zuba jari. Tsoronsa shi ne kowa zai koma zaune a cikin nasa ƙoƙon, ba ya jin sai abin da yake so. Amma da masana a Jami'ar Northeastern da ke Boston suka auna abin a 2013, sun tarar kusan kashi 12 cikin ɗari na sakamakon ne ke bambanta saboda wanda ke binciken, kuma abin da ya fi jawo bambancin shi ne wurin da mutum yake da kuma ko ya shiga asusunsa. A 2018 Google ma ya ce daidaitawar da yake yi kaɗan ce, galibi wuri ne da abin da ka bincika yanzu-yanzu.

Kenan idan ka tambayi shekarar da aka kafa ABU, da kai da na Landan duk 1962 za ku gani. Inda awon ke tsananta shi ne a talla, da abin da ke kusa da kai, da kalmomin da wayar ke ƙarasa maka kafin ka gama rubutu, da labaran da take jero maka da ka buɗe manhajar, sai kuma YouTube da TikTok da Facebook, inda kusan komai daidai jikinka aka yanka. Kuma mu yi wa kanmu gaskiya, ƙannenmu da yawa yanzu a TikTok suke bincike.

Wani zai ce, to ina ruwana, ni ba ni da abin ɓoyewa. Bari in kawo abubuwa huɗu da suka shafe mu a nan cikin birni.

Ɗaya, wayar gida. A gidaje da yawa waya ɗaya ce tsakanin Inna da yara da matar yaya. Baiwar Allah ta bincika wani ciwo da take jin nauyin faɗa, ko maganar haihuwa, ko matsalar aure. Gobe yaro ya ɗauki wayar zai yi aikin makaranta, ya rubuta harafi biyu, sai wayar ta ƙarasa masa da tambayar jiya. Ba wanda ya yi kutse, ba wanda ya saci komai, amma asiri ya tonu a tsakar gida.

Biyu, asusun da wani ya buɗe maka. Mutum nawa ne suka sayi waya suka ce wa mai shago ko mai caji, don Allah buɗe mini Gmail? Shi ya zaɓi kalmar sirri, wataƙila ma lambarsa ya sa. Duk wanda ke riƙe da kalmar sirrin nan zai iya zama a shagonsa ya karanta duk abin da ka bincika, da rana da lokaci. Ba na cewa suna yi, yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halal. Amma mabuɗin ɗakinka ne a aljihun wani.

Uku, masu neman aiki da masu neman gurbin karatu. Ƙanina da ke jiran sakamakon JAMB, yayana da ya gama bautar ƙasa yana zaune, ku ne aka fi farauta. Mai damfara ya san kalmomin da kuke rubutawa, ya san watan da kuke rubuta su. Sai ya buɗe shafi mai kama da na hukuma, ya yi dabarar da zai hau sama, ya nemi lambar NIN da BVN da ɗan kuɗin fom. Ku tuna tun Disamba 2020 aka wajabta haɗa layin waya da NIN, don haka lambar nan ba abin wasa ba ce. Haka masu manhajojin bashi da suka riƙa kwashe lambobin da ke wayar mutum suna tura wa danginsa saƙon tozarci. Abin ya kai hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta far musu a 2022, kuma a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan masu waya a ƙasashen da suka haɗa da Najeriya.

Huɗu, wannan ya fi damuna a matsayina na matashin garin nan: injin ba ya nuna abin da ba a rubuta ba. Nemi kemis ko tela ko mai gyaran waya "kusa da ni" kana tsakiyar birni, sau da yawa zai tura ka Sabon Gari ko PZ, alhali ga mai sana'ar a lungunku, shekara talatin yana yi. Shi dai bai sa shagonsa a taswira ba. Nemi Sarauniya Amina, cikin abin da zai fara tare ka har da fim ɗin da aka saki a Netflix a 2021. Nemi Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, ka ƙirga shafi nawa ne da Hausa. Wikipedia ta Hausa ba ta kai ko kashi 2 cikin ɗari na ta Turanci ba. Wannan fa a garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, garin da Abubakar Imam ya yi aiki, garin da ya ciyar da Arewa gaba ɗaya da littattafan Hausa. Idan wani a waje ya rubuta Zaria, abin da zai gani ya dogara da abin da wasu suka rubuta a kanmu, kuma galibi sai masifa ta auku ake rubutawa.

To akwai doka? Akwai. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin sirri. A watan Yuni na 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. A ƙarƙashinta kana da haƙƙin tambayar kamfani wane bayani naka yake riƙe da shi, ka nemi a gyara ko a goge, ka janye yardar da ka bayar. A Yuli 2024 FCCPC ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. A Amurka kuma, bayan kamfanin dillancin labarai na AP ya gano a 2018 cewa Google na ci gaba da ajiye wuraren da mutane suka je ko da sun kashe tarihin lokeshan, kamfanin ya amince a 2022 ya biya jihohi 40 dala miliyan 391.5. Kun ga ba su fi ƙarfin doka ba, sai dai in ba a bi kadi ba. Kuma wanda bai san haƙƙinsa ba, ta yaya zai bi?

Ga abin da kowa zai iya yi a daren nan, ba sai ya jira hukuma ba.

Ka shiga asusunka na Google, ka nemi shafin My Activity. Ka zauna ka karanta. Wallahi za ka ga tambayoyin da kai kanka ka manta ka yi. A nan za ka iya goge su, ka dakatar da ajiyewa, ko ka saita ya riƙa gogewa da kansa bayan wata 3 ko 18 ko 36.

Idan wani ne ya buɗe maka asusun, canza kalmar sirri, ka tabbatar lambar wayarka ce a ciki. Idan za ka sayar da waya ko ka ba ƙaninka, fita daga asusun ka goge komai tukuna. Ku taimaka wa iyayenmu da wannan, amma ku bar su su riƙe kalmar sirrinsu.

Idan wayar gida ce kuma tambayar ta sirri ce, buɗe shafin Incognito a Chrome. Amma ku gane iyakarsa: yana hana wayar tunawa ne kawai, ba ya ɓoye ka daga kamfanin layi ko shafin da ka shiga. An ma kai Google ƙara a kan haka, kuma a 2024 ya amince zai goge biliyoyin bayanan da ya tara ta wannan hanya.

Ka riƙa tsallake tallan da ke sama. Ka duba ƙarshen adireshi: shafukan gwamnati da gov.ng suke ƙarewa, na jami'o'i da edu.ng. Idan magana mai nauyi ce, ta lafiya ko kuɗi ko zaɓe, yi tambayar da Hausa, ka sake yi da Turanci, ka gwada wani injin kamar DuckDuckGo ko Bing, ka kuma juya ta. Wanda ya rubuta "amfanin kaza" amfani zai gani, wanda ya rubuta "illar kaza" illa zai gani, kowa ya tashi yana cewa Google ya goyi bayansa. Maganar ciwo kuwa, asibitin Gambo Sawaba yana nan Kofar Gayan, na koyarwa yana Shika.

Sannan mu cika rumbun da kanmu. Sa shago a taswirar Google kyauta ne, ka taimaki telan unguwarku da mai sayar da fura. Ɗaliban Samaru da Kongo da Nuhu Bamalli, kowa ya ɗauki ƙofa ɗaya ko unguwa ɗaya ko malami ɗaya, ya je ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ya zauna da dattawa, ya rubuta da Hausa mai kyau tare da hujja, ya ɗora.

A zaurukan karatu na birnin nan, idan ka kawo magana ana tambayarka a wane littafi ka gani, a wurin wa ka ji. Tarbiyyar da muka gada kenan, kuma ita ta dace da waya. Duk wanda ya ce maka "Google ya ce", tambaye shi wane shafi ne, wa ya rubuta, yaushe, kuma talla ce ko ba talla ba.

Ga aikin gida. Ka zaɓi kalma ɗaya, ko "Tudun Wada" ko "gari" ko "farashin taki". Ka rubuta a wayarka, ka sa wani naka da ke wani gari ko wata ƙasa ya rubuta a tasa a lokaci guda. Ku ɗauki sikirinshot, ku rufe duk abin da ke nuna sunanku, ku ajiye mana a ƙasan wannan rubutu tare da sunan garuruwan. A shiri na gaba za mu jera su mu ga abin da Zariya ta gani da abin da Legas da Yamai da Jidda suka gani.

Wanda ya karanta ya tura wa wanda bai karanta ba, wanda ya iya karatu ya karanta wa Inna.